Likitan Ƙwaƙwalwa: Albashinsa Da Makomarsa A Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

Daga Wakilinmu

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka girbe masara da dawa, aka shiga cirar auduga, a lokacin ne magidanci yakan sami sukunin biyan buƙatun da ya jingine tun bazara. Wani ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, wani ya sake rufin soro, wani kuwa ya fitar da buhu biyu ko uku ya kai kasuwar Dandume ko ta Bakori, domin ya sami kuɗin kai ɗansa ko ƙanensa ko matarsa wurin likita saboda taɓin hankali. Tafiyar kuwa ba ta kusa ba ce. Manyan wuraren da aka sani da wannan aiki su ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Jihar Sakkwato, sai kuma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Shika kusa da Zariya. Mara lafiya irin wannan ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an sami ƙarfafa biyu sun raka shi, sau da yawa ma sai an ɗauki shatar mota, don ba kowane direba ne zai yarda ya haɗa shi da fasinja ba.

Abin da ya jawo wannan doguwar tafiya shi ne ƙarancin likitocin da suka ƙware a fannin. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa waɗanda ke aiki a cikin ƙasar nan ba su kai 300 ba, alhali kuwa jama'ar ƙasar ta haura miliyan 200. Watau ke nan likita ɗaya ne ga kusan mutum 700,000. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 225,000 a ƙaramar hukumar Funtuwa, da sama da 182,000 a ta Malumfashi. Ko da a ce jama'ar ta ninka tun daga wancan lokaci, rabon ƙananan hukumomin nan biyu bai wuce likita guda ba, in da ana yin rabon daidai wa daida. Ba a kuwa yin sa haka, domin yawancin likitocin suna taru ne a manyan birane inda asibitocin tarayya da jami'o'i suke.

Ga ɗalibin da ke neman fannin da ba zai sha yawon neman aiki ba, wannan labari ne mai daɗin ji. To amma ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa gurabun suka zauna babu kowa yana cikin tsawon karatun, da yadda ake biyan albashi, da kuma inda hanyar ci gaba take nufa da mutum idan ya gama.

TSAWON KARATU

A ɗauki misalin yaron da ya gama sakandare a Bakori ko Kafur yana da shekara 18, ya ci darussan kimiyya, ya kuma yi sa'ar samun gurbin karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero. Shekara shida zai yi kafin ya karɓi digiri, in dai yajin aikin malamai bai ƙara masa ba. Sa'an nan ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi ɗaya ta bautar ƙasa. Duk wannan bai mai da shi likitan ƙwaƙwalwa ba tukuna. Likita ne kawai kamar kowane. Sai ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma, kana ya nemi gurbi a asibitin da aka amince ya ba da horo. Horon nan yakan ɗauki aƙalla shekara huɗu, sau da yawa biyar ko shida, da manyan jarrabawa biyu a tsakani, da kuma kundin bincike da zai rubuta ya kare a gaban malamai. In komai ya tafi daidai, yaron Bakori zai zama ƙwararren likita yana da shekara talatin da 'yan kai. A lokacin, abokin karatunsa da ya shiga saye da sayar da hatsi ya daɗe da gina gida, watakila ma ya sauke farali.

Wani abin da ya kamata a lura da shi tun a nan shi ne, dukkan shekarun horon a wajen yankin ake yin su. A can zai yi aure, a can 'ya'yansa za su shiga makaranta, a can matarsa za ta sami aiki. Ranar da ya gama, komawa gida ta zama ƙaura, ba dawowa ba.

ALBASHI

Gwamnatin Tarayya tana biyan likitocinta ne bisa wani tsari na musamman da ake kira CONMESS, wanda aka fara a 2009. Kafin shi an yi wani tsarin na likitoci a 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Tsarin na yanzu yana da matakai bakwai, daga sabon likita mai sanin makamar aiki a mataki na farko har zuwa babban ƙwararre a mataki na bakwai. A kan ainihin albashi akwai alawus na kwana a bakin aiki, da na ƙwarewa, da na koyarwa ga mai koyarwa, da na haɗarin aiki. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana naira 5,000 a wata, kuɗin da ko buhun taki ba zai saya ba, sai a watan Disamba na 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 32,000 da 40,000 ga likitoci. Ma'aikacin da ya taɓa shiga ɗakin da aka kwantar da mara lafiyan da ciwo ya tasar wa, ya san haɗarin da ake magana a kai.

A takarda dai babu bambanci tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da likitan fiɗa ko likitan mata, muddin matakinsu ɗaya. Bambancin yana fitowa ne bayan an tashi aiki. Likitan fiɗa yana iya yin tiyata biyu ko uku a asibitin kuɗi ya sami abin da ya kusa albashinsa na wata. Likitan mata ma haka, domin haihuwa ba ta jiran kaka, kuma dangi sukan sayar da abin da suka mallaka nan take don ceton mai naƙuda. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa jarinsa lokaci ne da sauraro. Yana iya shafe awa guda da mara lafiya ɗaya yana tambaya yana rubutu, a ƙarshe ya rubuta maganin da ba shi da tsada. Bugu da ƙari, ciwon kan hana mai shi sana'a, kuma kafin dangi su iso gaban likita sun riga sun kashe abin hannunsu a wurare da dama. A Legas da Abuja akwai masu hali da ke biyan kuɗi mai yawa a asibitoci masu zaman kansu, musamman don raba 'ya'yansu da shaye-shaye. A Funtuwa da Malumfashi manomi ne abokin hulɗa, kuma kuɗinsa na shekara sau ɗaya suke zuwa.

Sai kuma maganar darajar naira. A 2023 gwamnati ta amince da ƙarin kashi 25 cikin ɗari ga matakai shida na farko, da kashi 35 ga mataki na bakwai. A shekarar nan ce kuma aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake canjawa kimanin naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Mai karatu yana iya yin lissafin da kansa: albashin da aka ƙara wa kashi ɗaya cikin huɗu, idan aka auna shi da dala, ya koma ƙasa da rabin yadda yake kafin ƙarin. Tsofaffin ma'aikata da suka ga ƙarin Udoji a 1975, da yadda 'yan kasuwa suka cinye shi cikin 'yan watanni, ba za su yi mamaki ba. Likita kuwa ya fi sauran ma'aikata jin wannan a jika, don kuɗin littattafansa da na jarrabawoyin waje da na taron ƙara wa juna sani duk da kuɗin ƙasashen waje ake ƙiyasta su.

Har wa yau, tsarin nan na tarayya ne. Ba a tilasta wa jihohi su biya shi cif-cif ba, kowace takan yi gwargwadon aljihunta da yarjejeniyar da ta ƙulla da likitocinta. Saboda haka ne a faɗin ƙasar nan ake ganin likita ya fara aiki da jiha, da zarar gurbi ya samu a asibitin tarayya sai ya tsallaka. Manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi na jiha ne. Ga wanda ya san wannan, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

MASU TAFIYA WAJE

Daga asibitin tarayya kuma mataki na gaba shi ne filin jirgin sama. Ba yau aka fara ba. A ƙarshen shekarun 1980, bayan tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar albashi, ƙwararrun likitoci da yawa sun tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Amma abin na yanzu ya fi na da. A watan Maris na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuwa kimanin 55,000 ne.

Likitan ƙwaƙwalwa yana cikin waɗanda aka fi nema a Ingila da Kanada da Ostareliya, domin su ma can fannin bai cika samun masu shiga ba. A Ingila, albashin farko na ƙwararren likita a asibitin gwamnati ya haura fam 100,000 a shekara tun daga 2024. A canjin ƙarshen shekarar nan, wannan ya kai kimanin naira miliyan 200. Gaskiya ne haraji da kuɗin haya sukan cinye kaso mai yawa, ga sanyi, ga kewar gida, ga fargabar tarbiyyar yara. Duk da haka, babu wani mataki a tsarin albashinmu da ya kai ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, likitoci suka yi masa ca. A ganina suna da hujja. Wanda aka tsare da doka jikinsa ne zai zauna, kuma wannan fanni ne da ake yi da zuciya.

Akwai kuma wani nauyi da ba a rubuta shi a takardar albashi. A ƙasar Hausa ana kiransa likitan mahaukata, har akan yi raha cewa mai zama da su shi ma ba ya rasa nasa. Ɗalibai sukan ji wannan daga bakin 'yan'uwansu, wani lokaci ma daga bakin abokan karatunsu. Iyayen da suka sayar da amfanin gona shekara da shekaru don ɗansu ya zama likita, sun fi son su ji an ce shi ne mai yin tiyata.

INDA HANYAR TAKE KAIWA

To, me zai sa mutum ya shiga? Amsa ta farko ita ce, babban mutumin da wannan fanni ya fitar a Afirka ɗan Nijeriya ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi karatu a Birmingham da asibitin Maudsley na Landan, ya dawo Aro kusa da Abeokuta a 1954. A nan ya ɓullo da tsarin ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Ya zama shugaban Jami'ar Ibadan a 1968, sa'an nan mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Daga aikin ƙauye sunansa ya fita duniya, kuma wannan abin lura ne ga mutumin Malumfashi.

A yau, da yake masu fannin kaɗan ne, wanda ya gama horo ba ya daɗewa bai sami kujerar ƙwararre ba, kuma a jami'a hanyar zama shugaban sashe ko farfesa ba ta da cunkoso irin ta wasu fannoni. Yana iya ƙara ƙwarewa a kan ciwon yara da matasa, ko na tsofaffi, ko shaye-shaye, ko kuma aikin kotu, inda alƙali ke buƙatar a gaya masa ko wanda ake tuhuma yana cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata laifi. Rundunar soja da hukumar gidajen gyaran hali da hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi duk suna buƙatarsa, haka ƙungiyoyin agaji na duniya da ke aiki a Maiduguri. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Dokar ta tanadi kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusu, da kare haƙƙin marasa lafiya. Duk waɗannan ƙofofi ne na aiki. Sai dai mai karatu ya sake duba su ɗaya bayan ɗaya, zai ga kusan dukkansu a Kaduna da Kano da Abuja da ƙasashen waje suke buɗewa.

Alhali kuwa buƙatar tana nan a gida, tana ma ƙaruwa. Shiyyar Funtuwa tana da ƙananan hukumomi 11, kuma da yawa daga cikinsu, kamar Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, sun sha wahalar 'yan bindiga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Wanda ya kwana a daji a hannun masu bindiga, da matar da aka kashe mijinta a gabanta, da manomin da ya sayar da gona ya biya fansa, ba dukkansu ne barci ke dawo wa yadda yake ba. Ga kuma ƙwaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne masu shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A shekarar 2018 ɗin ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ban da waɗannan akwai cututtukan da aka saba da su tun da, irin su farfaɗiya, da taɓin hankalin da kan sami mai jego, da baƙin cikin da ke hana mutum ci da magana.

Inda likita bai isa ba, wani ne ke cike gurbin. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da birnin Katsina, suka fito da mutane masu yawa, wasu da sarƙa a ƙafa. An yi ta la'antar masu gidajen, amma ba a cika tambayar dalilin da ya sa uba zai kai ɗan cikinsa irin wannan wuri ya kuma biya kuɗi ba. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa cikin masu ciwo mai tsanani kimanin kashi 8 cikin ɗari ne kawai suka sami magani a shekarar da ta gabata. A ƙasar Yarbawa aka yi binciken nan, inda asibitocin suka fi yawa.

MALUMFASHI TA TAƁA GANI

Masu cewa ƙwararren likita ba zai zauna a ƙaramin gari ba sun manta da tarihin Malumfashi. A shekarun 1970 asibitin garin yana cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna, ɗaliban likita suna zuwa can koyon aikin karkara. Daga 1974 kuma aka gudanar da wani babban bincike a yankin tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, a kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da saran maciji, har sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitanci na duniya. Abin da ya kawo waɗancan likitoci shi ne asibitin yana haɗe da jami'a, zaman da mutum ya yi a can ana lissafa masa shi cikin horo da ƙarin girma, kuma akwai binciken da zai ɗaga sunansa. Daga baya asibitin ya koma hannun jiha, jami'ar kuma ta tattara aikinta a Shika a 2005.

A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma masanin nan Murray Last ya zauna a wani ƙauyen Maguzawa kusa da Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke neman magani. Ya lura cewa jama'a ba su cika damuwa da sanin daga wane tsari magani ya fito ba, ko na boka ne ko na malam ko na asibiti. Sauƙi suke nema. Wannan yana nufin manomin yankin ba ƙin asibiti yake yi ba, abin da hannunsa ya kai gare shi yake kamawa. An kuma gwada haɗa ɓangarorin an ga amfani. A wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, aka buga sakamakonsa a 2020, marasa lafiyan da masu maganin gargajiya da na addini suka kula da su tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bar wa masu maganin su kaɗai.

Tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a 2010 don koya wa nas-nas da malaman asibiti gane cututtukan da ba da maganin farko. Amma tsarin ba ya tafiya sai da ƙwararre a sama, mai horar da su, mai zagayawa yana duba aikinsu, mai karɓar waɗanda suka gagara. Wannan shi ne aikin da ya dace da shiyyar Funtuwa, kuma bai wuce ƙarfin jiha ba: kujerar ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin Funtuwa da na Malumfashi da aka rubuta cikin kasafin kuɗi, albashi daidai da na tarayya, gida da mota ta zagaya ƙauyuka, da yarjejeniya da Shika ko Barnawa domin likitoci masu neman ƙwarewa su riƙa zuwa na 'yan watanni ana lissafa musu. Jiha tana iya ɗaukar nauyin horon likitocinta biyu ko uku bisa sharaɗin su dawo su yi wasu shekaru, kamar yadda gwamnatin Jihar Arewa ta yi wa ɗalibanta a da. Makarantar ungozoma ta Malumfashi ma wuri ne da za a fara koya wa ɗalibai gane mai jegon da hankalinta ya fara gushewa tun kafin a ce iska ce.

Shi kuwa magidancin da ya kai ɗansa Barnawa da kuɗin masara, maganin wata ɗaya ko biyu akan ba shi, a rubuta masa ranar dawowa a kati. Ranar farko yakan cika alkawari, ta biyu ma watakila. Ta uku takan faɗo ne a lokacin da ake neman kuɗin taki.